Ranar da Muka Auna Biskit

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki namu na lafiyar dabbobi, ban taɓa mantawa da ranar da na shimfiɗa tef ɗin awo a gadon bayan damisa ba. Kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullin ofis, to ga shi. Ba labarin bajinta ba ne, don haka kada ku jira tafi.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku a garin Greensboro na Amurka, ni kuma na ɗauki hutu daga ma'aikatar gona na bi shi da yara biyu. A gida ina da mutane a ƙarƙashina, shanun da na yi wa rigakafi ban san adadinsu ba. A can kuwa takarduna ba su ba ni ikon duba ko mage ba, sai na sake zama jarrabawarsu. Da izinin aikina ya fito, na samu wuri a wani ƙaramin asibitin dabbobi a gabashin gari, a matsayin mataimakiya.

Ga yadda tsarin yake. Likita ce a sama. Ita ke duba dabba, ta rubuta magani, kuma sa hannunta kaɗai hukuma ta sani. Mataimakiya aikinta riƙe dabba, dafa kayan aiki, cika fom, da wanke fim ɗin hoton ƙashi a ɗakin duhu. Likitarmu sunanta Dokta Mira, 'yar asalin Indiya, gajeriya mai furfura, maganarta ba ta da yawa. Dawakai da awaki da shanu ne yawancin aikinmu. Da yake ta san abin da nake a gida, takan bar ni in lissafa magani, ita kuma ta duba kafin a zuƙa a sirinji.

A watan Oktoba na shekarata ta biyu, wata mata ta yi waya, ni na ɗauka. Ta ce sunanta Linda, tana zaune a Sedgefield, mahaifinta kuma yana gonarsa a McLeansville, can bayan gari, kuma yana da damisa. Na ɗauka kunnena ne bai kama Turancinta ba, na ce ta maimaita. Ta maimaita. Da na ce damisa kada ku kawo tamu mai ɗigo-ɗigo a ranku. Wannan ta Asiya ce, mai ratsin baƙi a kan jan gashi, wadda suke kira taiga. A lokacin mutum yakan iya sayen ɗanta ya ajiye a bayan gida, ba mai ce masa uffan.

Linda ta ce namiji ne, shekararsa shida, sunansa Biskit. Mahaifiyarta ta rasu bara, mahaifin ya yi ƙaramin shanyewar jiki, an sayar da gonar, zai koma wurinta da zama. Ta samo wata mafakar dabbobi a wata jiha da ta yarda ta karɓi Biskit, amma ba a tsallaka da dabba daga jiha zuwa jiha sai da takardar lafiya mai sa hannun likita. Likitoci huɗu ta kira, duk sun ce ba sa taɓa irin wannan.

Dokta Mira ta ce za ta je. Ranar na fara sanin cewa kafin ta zo Amurka ta yi shekaru tana aiki a wani gandun daji a ƙasarsu, inda ake kare damisa daga mafarauta. Ta jawo wani tsohon littafin rubutu daga durowa, bangonsa ya ci ruwa ya bushe, ta buɗe min. Layi-layi ne na awo, kowane layi dabba ɗaya.

Ta ce a gandun ba da mota ake neman damisa ba, giwa ake hawa, don ciyawar ta shanye mutum tsaye. Idan an harba masa allurar barci ya kwanta, sai a sauko a auna shi, a ɗaura masa abin wuya mai rediyo, a janye kafin ya farka. Ta ce babban namiji yakan haura kilo ɗari biyu, daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ya kusa mita uku, kafaɗarsa ta kai ƙugun dogon mutum. Akwai wanda mutum takwas suka ɗaga da ƙyar, hannun sikeli ya tafi har ƙarshe ya tsaya, ba su taɓa sanin ainihin nauyinsa ba. Ta zagaye hannuwanta biyu a iska ta nuna min kaurin damtsensa. Tana faɗa fuskarta na haske, abin da ban taɓa gani a wurinta ba.

"Rabi, idan kika ɗora hannu a kafaɗarsa kamar kin taɓa kututturen itace ne da aka lulluɓe da bargo," in ji ta. "Za ki gani."

Shirin shi ne a sa masa barci sau ɗaya tak, domin kowace allurar barci kasada ce. A cikin wannan barcin za a auna shi, a ɗebi jini, a duba shi, a sa hannu a takarda, a saka shi a akwati, mota ta tashi. Ke nan dole akwatin ya riga mu shiri. Na ce na san maƙeri.

Baba Mamman mutumin Maradi ne, dattijo, a masallacin Juma'a maigidana ya san shi. Yana aiki a wani sito a titin Wendover, Asabar da Lahadi kuma yana walda a garejin wani abokinsa. Dokta ta kwafo awon babban namiji daga littafinta, ta ƙara sarari yadda zai iya miƙewa ya juya, na kai masa. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Hajiya Rabi, wannan dabba ce ko ɗaki zan gina wa amarya?"

"Dabba ce, Baba."

"Dakor, na ji. Allah ya raba mu da haɗuwa da ita a hanya."

Sati biyu ya yi a kansa. Ƙarfe ne gindinsa, katako mai kauri da aka lulluɓe da kwano ta ciki, ƙofa mai zamewa sama, ramukan iska a jere, da zobba a gefe inda za a zura sanduna a ɗauka. Har fenti ya yi masa, kore. Shi ne kuma ya ce zai tuƙa kamiyon, wato babbar motar da Linda ta yi haya, don a cewarsa ba zai bar wani ya jijjiga masa aikinsa a hanya ba.

Ranar Asabar da hantsi muka isa gonar. Akwai sanyi, ganyen itatuwa duk sun koma ja da rawaya. Na riga na kira su kwana ɗaya kafin nan na ce kada a ba shi abinci, haka ƙa'ida take, don kada ya yi amai cikin barci ya shaƙe. Na kuma riga na lissafa maganin a kan kilo ɗari biyu, na rubuta a fom.

Dokta da Linda suka zagaya duba inda mota za ta tsaya. Ni aka bari a baranda da mai gidan, Mista Jim. Dogon tsoho ne, tsohon direban tirela, hannunsa na hagu a lanƙwashe a ƙirji tun ciwon da ya yi. Ya kawo min kofi, ya kuma kawo wani hoto: wata mata mai dariya a kujera, da ɗan damisa kamar mage a cinyarta yana shan madara a kwalba.

Ya ce matarsa ce, Lora. A wani bikin baje koli suka gan shi, ana ba yara shi suna ɗaukar hoto. Ya fara girma, ya fara cizo, mai shi yana neman rabuwa da shi ko ta wace hanya. Lora ta ƙi shiga mota sai da shi. Ita ta sa masa suna, don launinsa kamar biskit da ya gasu.

"Ba ta taɓa kwana a wani wuri ba tun daga ranar," in ji shi. "Ko bikin jikarta, da yamma ta dawo, wai wa zai ba shi abinci." Ya juya kofin a hannunsa mai lafiya. "Ke kin san dabbobi. Can inda za a kai shi, zai ji daɗi?"

Na riga na ga hotunan mafakar, na ga fili da tafki. Na ga kuma tsoho yana neman abin da zai riƙe. Sai na ce masa, "Kwantar da hankalinka. Jibi war haka yana gudu a kan ciyawa. Na yi maka alkawari."

Ban ko ga dabbar ba lokacin da na faɗi haka.

A wani tsohon ɗakin shanya taba aka ajiye shi, irin na gungume, ba taga. Mista Jim ya zuba siminti a ƙasa ya kafa keji a ciki. Wurin tsaf yake, an wanke, an shimfiɗa sabuwar ciyawa, ga fanka, ga hita, ga rediyo yana waƙa a hankali. Ya kunna fitila ya kira sunansa da wata murya mai laushi.

Abin da ya taso daga lungu bai yi kama da abin da Dokta ta kwatanta min ba. Kan babba ne, kan damisa sosai, da ido masu kyau. Amma jikin kamar an ɗauko na wata dabba an liƙa. Bayansa ya lotsa a tsakiya kamar na tsohon jaki. Ƙafafun gaba sun gwame, na baya kuwa jan su yake yi, yana taku uku ya zauna. Ya iso bakin keji ya goga kumatunsa a ƙarfe yana wani huci ta hanci, Mista Jim ya zura yatsu yana sosa masa kunne.

Dokta Mira ta juyo gare ni. Ta miƙo hannu, na ba ta fom. Ta soke lissafina, ta rubuta kilo ɗari, ta ɗan tsaya, ta sake ragewa. Da an harba masa abin da na lissafa a ofis, da bai farka ba. Wannan ku riƙe: ba a lissafa maganin barci a kan abin da aka ji a waya.

Baba Mamman ya leƙo ta ƙofa, ya dube shi, ya juya ya dubi akwatinsa a bayan mota. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, ko awon da kuka ba ni akwai kuskure? Uku irin wannan za su kwana a ciki."

"Awon daidai ne, Baba," na ce. "Dabbar ce ba ta kai ba."

Dokta ta hura masa allura ta bututu a cinya. Bai ko yi gurnani ba, ya dai waiga ya dubi Mista Jim. Bayan minti goma sha biyar ya kwanta. Ƙa'ida ita ce a taɓa kunnensa da doguwar sanda daga waje, idan kunnen bai motsa ba a sake jira kaɗan, sannan a shiga. Muka shiga. Na sa masa man ido, na rufe fuskarsa da tawul, na fara ƙirga numfashi. Muka mirgina shi a kan tamfol, muka rataya sikeli a gungumen rufi. Ni da Baba Mamman da wani maƙwabci muka ja igiya, mu uku, ba mu ko yi nishi ba. Kilo casa'in da huɗu.

Sai awo. Ana farawa daga ƙarshen hanci, a bi gadon baya da tef har gindin wutsiya, sannan wutsiya daban, sannan zagayen wuya, zagayen ƙirji, tsawon kafaɗa, faɗin tafin ƙafa. Ni ke riƙe da tef ina faɗa, Dokta na rubutawa. Da na zo tsakiyar baya tef ɗin ya faɗa cikin lotsawar, na ji ƙasusuwan a ƙarƙashin yatsuna ba a jere suke ba. Na ɗora hannu a kafaɗa kamar yadda ta ce. Ba kututture na ji ba, laushi na ji, kamar buhun da aka kwashe rabin hatsinsa. Na ɗaga tafin ƙafa in auna, sai na ga babu farce ko ɗaya. An cire su tun yana hannun mai hoton nan na bikin baje koli.

Dokta ta bi ƙafafun da yatsunta a hankali, tana tsayawa a wasu wurare inda ƙashin ya yi ƙulli. Ba ta ɗago ba ta yi tambaya.

"Mista Jim, me yake ci?"

Ya amsa da alfahari. Ƙirjin kaza da niƙaƙƙen naman sa, mai kyau, irin wanda mutane ke ci. Ya ce yana ƙarami ƙashin kaza ya taɓa maƙale masa a wuya, Lora ta kusa haukacewa. Tun daga ranar, kullum da yamma takan zauna a kicin ta zare kowane ƙashi da hannunta. Da ta rasu shi ya ci gaba, da hannu ɗaya, yana danne naman da gwiwar hannu.

"Ko ɗan siririn ƙashi bai taɓa shiga bakinsa ba," in ji shi.

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ƙirga numfashi, don na riga na gane. Ga waɗanda ba su karanta wannan ba tukuna: damisa a daji ba tsoka kaɗai take ci ba. Tana cin ƙashi da fata da kayan ciki, daga nan jikinta ke samun abin gina nata ƙashin. Idan aka ba ɗan da ke girma tsoka zalla, jiki sai ya riƙa zarar abin da yake buƙata daga ƙasusuwansa, su yi laushi, su lanƙwashe, su karye su haɗe a karkace.

Muna da injin hoton ƙashi na tafi da gidanka, wanda muke yi wa dawakai. Muka ɗauki baya, ƙugu, da ƙafafu. A lokacin ba a ganin hoto nan take, sai an koma an wanke fim. Dokta ta ce a sauke shi a kan ciyawarsa, ba za a saka shi a akwati ba.

Linda ta biyo mu waje ranta a ɓace. Ta ce sati mai zuwa waɗanda suka sayi gonar za su karɓi makulli, mafakar na jira, ga mota ga akwati, mene ne wahalar sa hannu? Ta ce can ai suna da likitoci. Ba muguwa ba ce, mace ce da ta gaji, uba a wuyanta, aiki a wuyanta. Ni ma da ta matsa, na bi Dokta bayan motarmu.

"Dokta, ko a rubuta cewa yana da lalura, a bar su can su yi jinyarsa? Na riga na ce wa tsohon zai tafi."

Ta juyo ta dube ni.

"Wa ya ba ki wannan maganar ki ba shi?" ta ce. "Awa goma a bayan mota, Rabi. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa. Takardar cewa take yi na duba shi kuma zai iya tafiya. Ban sani ba tukuna, ke ma ba ki sani ba."

Muka jira ya farka ya ɗaga kai, sannan muka tafi. Ni na shiga ɗakin duhu da la'asar. Idan ƙashi lafiyayye ne, fari tas yake fitowa a fim, da kauri a gefe. Na ɗaga na farko a gaban fitila, sai da na nemi ƙashin. Toka-toka ne, gefensa siriri kamar ɓawon ƙwai. Na ƙirga tsofaffin karaya bakwai da suka haɗe da kansu. Ƙugun ya matse ta ciki, shi ya sa hanjinsa ya cika, bayan gida ya ƙi wucewa. A baya kuma ƙasusuwa biyu sun rufta a kan jijiyar da ke tafiyar da ƙafafu. Wannan dabba ta yi shekaru cikin ciwo, tana goga kumatu a ƙarfe tana gaishe da masu ita.

Dokta ta aika hotunan ga likitan mafakar da wani ƙwararre a kan ƙashi. Amsarsu ɗaya. Da yana ɗan wata shida ne, da an gyara. Yanzu ƙashin ya riga ya ƙage a haka, babu tiyatar da za ta riƙe, ƙusar ɗori ba za ta kama a irin wannan ƙashi ba.

Ranar Laraba muka koma. A mota ta ce min ita za ta yi bayani, amma dole in tsaya a wurin, kada in fake a bayan kaya. A teburin kicin ɗin ta jera fim ɗin a jikin taga ta nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɓoye dalili ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce babu wanda ya taɓa gaya musu, kuma mutane da yawa sun yi wannan kuskuren. Mista Jim ya daɗe yana kallon katakon yankan nama da ke jingine a bakin famfo. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke kika ce zai yi gudu."

"Ni na ce," na amsa. "Na faɗi abin da ban sani ba. Ka yafe min."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tambayi Dokta ko zai ji zafi, ta ce a'a, barci zai fara yi. Ya ce to yana roƙon abu ɗaya: kada a yi a cikin ɗakin nan.

Washegari da safe muka yi. Aka hura masa allurar barci a keji, da ya kwanta muka ɗauko shi a tamfol muka fito da shi bayan gida, ƙarƙashin wata bishiya. Rana ta fito sosai. A nan na fara ganin launinsa na gaskiya, ja kamar garwashi, ratsin baƙin yana sheƙi, farin cikinsa kamar auduga. Mista Jim ya zauna a ƙasa da taimakon Linda, aka ɗora masa kan a cinya. Kan kaɗai ya cika cinyar. Yana sosa kunnen yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ban saurara ba. Na aske gashin ƙafar baya, na danne jijiya ta taso, Dokta ta zura allura. Na sa abin sauraro a ƙirjinsa ina ji har bugun ya yi nisa, ya tsaya. Na ɗaga kai na dube ta, ta duba da kanta, ta faɗi lokaci, na rubuta.

Baba Mamman ya ɗauki hutun rabin yini daga sito ya zo, ba wanda ya kira shi. Yana tsaye nesa da hularsa a hannu. Dokar wurin ba ta bari a binne dabbar da aka yi wa irin wannan allura a ko'ina ba, don haka za a kai gawar ɗakin bincike na makarantar likitocin dabbobi. A akwatinsa aka saka. Da aka zura tamfol ɗin ciki, ya tafi can ƙurya ya kwanta a lungu ɗaya, sauran duk fili. Baba Mamman ya hau ya cusa ciyawa a gefe da gefe don kada ya yi ta gangarawa a hanya.

"Rai dai rai ne, Hajiya," ya ce da ya sauko. "Allah ya ba tsohon nan haƙuri. Shi na fi ji."

A hanyarmu ta komawa Dokta ta tsayar da mota a gefen titi, kusa da wata gonar waken soya da aka girbe. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta ce a gandun ta ga damisar da tarko ya cinye wa ƙafa, ta ga wadda aka sa wa guba a mushen saniya, kuma duk lokacin tana da wanda za ta ji haushi. "Yau wa zan ji haushi?" ta ce. Ba ni ta tambaya ba. Sannan ta tada mota, muka tafi duba wata goɗiya mai ciki.

Bayan kamar wata biyar na haɗu da Mista Jim a wani babban kanti a Wendover. Yana zaune a benci kusa da ƙofa yana jiran Linda, ya rame. Na so in wuce, amma ya riga ya gan ni. Muka gaisa. Ya ce akwai abin da yake ta son ya tambayi wani.

"Da mun bar masa ƙashin, da ya kai girman na dajin nan da likitarku ke faɗa?"

Amsa mai daɗi tana bakina, na haɗiye ta.

"Da ya kai, ko ya kusa," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba shi kayan da ya san nasa ne. Ya ce ya gode. Sannan ya ce duk Lahadi Linda na kai shi kabarin Lora, yana ba ta labarin jikoki, da wanda ya rasu a cocinsu, da yadda masu gonar suka rushe ɗakin tabar.

"Maganar ƙashin nan ce kaɗai ban gaya mata ba," in ji shi. "Kuma ba zan gaya mata ba."

Ban sake ganinsa ba. Shekara biyu bayan nan muka dawo gida.

Abin da na ɗauko daga wannan aiki biyu ne. Na farko, bakin ma'aikacin lafiya ba nasa ba ne shi kaɗai. Abin da ka faɗa don ka sanyaya wa mutum rai, shi hukunci ya ɗauke shi, zai kwana a kansa ya tashi a kansa. Idan ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba.

Na biyu ya fi wuya. A makaranta an shirya mu don mugu da mai sakaci. Amma a shekarun da na yi bayan nan, a rugage da gidaje da gonakin kaji, yawancin dabbobin da na samu a lalace ba a hannun mugaye na same su ba. A hannun masu son su na same su: mai ragon da ya ɗura masa dusa har cikinsa ya kumbura, matar da ta ba ɗan akuyarta maganin ɗanta don ta ga ya yi wa ɗan aiki. Irin waɗannan idan ka daka musu tsawa ba za su sake kiranka ba, dabba ta gaba ma haka za ta mutu. Don haka idan kun je kira, kafin ku buɗe jaka, ku zauna ku tambayi mai dabba abin da yake ba ta, ku bar shi ya faɗa har ƙarshe. Idan kuskure ne ku gaya masa gaskiya, amma ku tuna cewa ku da kun wanke hannu kun hau babur kun tafi kira na gaba, shi kuwa a gidan zai kwana.